Man Gwiwar Iya

A gidanmu ba a jin tatsuniya kyauta. Da an ci tuwon dare, Iya, kakata ta wajen uba, za ta miƙe ƙafa a gefen murhu, ni kuma in lakato man kaɗe in murza mata gwiwoyi. Sai sun yi ɗumi take buɗe baki. Na tsani aikin nan, don warin man yakan bi ni har makaranta.

Shekarar da masaƙa ta sallami Baba, ya dawo daga Kano da wani tsohon keke na gwanjo, mai ƙatuwar taya da sifirin a ƙafafun gaba. Da shi yake kai tumatir daga Watari zuwa kasuwar Ɗanbatta. Amma sifirin ɗin ya ƙage, kowane rami sai ya jijjiga kwandon, ya isa da rabin kayan a dame. Tumatirin nan kuwa shi ne tuwonmu.

Kuɗin sabon sifirin ya fi ƙarfinsa, sai ya kwance ƙafafun da kansa. Ya wanke tsatsar da kananzirin fitila, ya yanko robar tsohon silifa ya maye wadda ta ruɓe a ciki. Saura giris, shi kuma babu halin saye. Ya jingine keken a tsakar gida.

Baba ɗan fari ne, saboda haka Iya ba ta kiran sunansa, balle a ga ta miƙa masa abu. Sai ta fito tana ɗingishi, ta ajiye gwangwanin man kaɗenta kusa da keken, ta dubi kaji ta ce, "Man nan ya yi wari. Wani ya zubar min da shi."

Baba ya cusa man a ƙafafun keken, ya naɗe bakin da tsohon tub ɗin taya saboda ƙura. Ya danna kan keken, ya lotsa, ya taso a hankali. Mu yara muka yi ta tsalle.

Daren nan na nemi gwangwani, Iya ta ce, "Yau gwiwa na hutu, uwar ƙyuya. Ku matso, ga wata nan ta iso."

Ta ba mu labarin wata tsohuwa da jakinta. Gwiwoyin jakin suka bushe, ga kasuwa da nisa, ga yara da yunwa. Sai tsohuwa ta kwance nata gwiwoyin ta ɗaura masa, ta ce ya je ya dawo. Jaki ya tafi yana taƙama, ita kuma ta zauna a bakin ƙofa. Iya ta kwaikwayi tafiyar jakin da kafaɗu, muka yi dariya har da hawaye.

Na ce, "Iya, ya dawo mata da su?"

Ta ce, "Yana hanya. Ku tashi, wuta ta mutu, labari ya bi ta."

Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, man kaɗe ba giris ba ne. Rana na yi masa zafi yake narkewa ya tsiyaye, don haka duk ranar kasuwa sai an sake zubawa. Duk man da ya shigo gidan, Iya sai ta ce ya yi wari. Ni kuwa murna nake na huta da murza. Har ƙorafi na yi mata wai keken Baba yana warin tsofaffi, yara na yi mini dariya. Ta ce, "Ai kuwa bai kyauta ba."

Kafin damina ta zagayo, a zaune take sallah. Murhun ma sai an kama ta take zuwa.

Kwanan baya ɗana ya kai kekensa wajen mai gyara, aka cika masa giris da abin da bai kai kuɗin shayi ba. Na tsaya ina kallo, kunya ta rufe ni. Mu duka mun ga gwangwanin a gindin keke, mun ci tuwon, ba wanda ya ce uffan. Jakin nan bai taɓa dawo mata da gwiwoyinta ba, kuma ni na fi kowa dariya.