Takarkarin Roba

Nata'ala ne ke jan ragamar wasan a teburin mai shayi na Ƙofar Mazugal. Kowa da bokan da ya ƙirƙira, kowane boka da 'yar dabbar robar da yake hawa, ɗan ludo ne alƙali. Amma yau hankalinsa na kan wani dattijo da ya tsaya kallo. Dogo ne siriri, cikin kakin gadi da ya yi masa yawa. Ya gicciya kulki a kafaɗa, ya rataye hannuwa a kai, tsayuwar da sai makiyayi. Nata'ala ya raya a ransa, wannan da gani ya taɓa mallakar garke, ga shi yanzu yana buɗe wa motar wani ƙofa.

Gali, ɗaya daga cikin 'yan wasan, ya jefa ɗan ludo, ya ja tsaki. Takarkarin bokansa ya mutu, sai ya ture ɗan takarkarin roban da yatsa.

"Bari damuwa," in ji Nata'ala. "Yi tsafi, gobe zai tashi."

Dattijon ya sunkuya, ya tsayar da takarkarin a hankali, yana shafa tozon.

Gali ya yi dariya. "Baba, wasa ne fa."

"Na gani," ya ce. "Nawa dai ba su tashi ba."