Bronius da Ruwan Baƙar Fadama

Shekara arba'in da shida Bronius Matulis ya yi a kujerar katafila, har bayansa ya ɗauki lanƙwasarta. Idan ya sauko yana tafiya sai ka ce wani abu ne ya faɗi masa yake nema a ƙasa. Yana da shekara sha tara aka ɗora shi a kanta, zamanin Sobiyet, aka nuna masa Baƙar Fadama, wadda ta raba ƙauyen Lieknai da iyakar Belarus, aka ce a busar da ita. Bai tambayi dalili ba, lokacin ba a tambaya. Shekara takwas suna haƙa lambatu suna binne bututu, sauro na shan jininsu da zafi, da ƙanƙara kuma yatsu na mannewa a jikin ƙarfe.

Da Sobiyet ta watse, Lituwaniya ta samu kanta, aka sayar da injunan a matsayin tsohon ƙarfe. Ya sayi tasa, ya gyara ta da hannunsa, ya ci gaba da yashe wa manoma lambatu. Daga baya wasu matasa masu jakar goyo suka zo daga birni, suka kira shi a gaban jama'a wanda ya kashe fadama ya kori tsuntsaye. Wasu kuma masu kwat suka zo suka ce ciniki ne zai hana yaƙi har abada, a faɗaɗa titin da ya nufi iyaka. Shi ya haƙa magudanar titin. Sai yaƙi ya ɓarke a Ukraine, aka sa wa ƙofar iyakar sarƙa, ciyawa ta fara tsirowa a tsagar kwalta.

Abin da ya mallaka a duniya, ban da injin, eka takwas ce a gefen fadamar ta kudu. Da can caɓi ne da kwaɗi. Shi da matarsa Genute suka mai da ita gona, suna aiki ranakun Lahadi lokacin da mutane ke coci. Suka dasa tuffa ashirin da uku, saura suka bar wa dankali. Genute ta rasu shekara huɗu da suka wuce, amma har yanzu kowace bishiya da sunan da ta sa mata yake kiranta.

Wata Asabar aka tara mutanen ƙauyen a tsohuwar makaranta. Shugaban wani kwamiti ne ya zo daga babban birni, Dainius Vilkas, takalminsa na ƙyalli kamar bai taɓa taka ƙasa ba.

"Zamanin mafarki ya wuce," in ji shi, yana buga tebur da yatsa. "Dole mu dubi duniya yadda take. Maƙwabcinmu ba ya jin roƙo, ba ya jin takarda. Abin da zai tsayar da tankar yaƙinsa kawai yake ji."

Daga kujerar baya tsohuwa Tekle, wadda mijinta ya mutu ya bar ta a gidan ƙarshe na layin arewa, ta ɗaga murya. "Yau ka gano haka, ɗan nan? Mu da muke kwana kusa da shi tun kana zanen goyo?"

Aka kwashe da dariya. Bronius bai yi ba. Maganar mutumin gaskiya ce, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Shekara talatin mutanen nan suna faɗin akasin haka da irin wannan muryar, da irin wannan takalmin, yanzu sun juya baki ko kunya babu, suna koya wa masu iyaka menene iyaka.

Shirin dai shi ne a mayar wa Baƙar Fadama ruwanta, ta koma taɓon da zai haɗiye tanka. Wata injiniya mai suna Dovile ta shimfiɗa tsohuwar taswira a bango, ta nuna lambatu na huɗu. Ta nan duk ruwan fadamar ke fita, in ji ta. A cike shi da ƙasa, shi ke nan. Babu gida ko gonar da abin zai taɓa.

Bronius ya ƙura wa taswirar ido. Ya san ta. Yana tsaye aka zana ta a shekarar tamanin da uku. A lokacin an ba su umarnin haɗa fadamar da lambatu na huɗu kafin bikin gwamnati na watan Nuwamba, sai suka ci karo da dutse a ƙarƙashin ƙasa, haƙoran katafila biyu suka karye. Shugaban aikinsu ya ce a juya ruwan kudu ta babban bututu, a kai shi rafi, a takarda kuma ya ja layinsa yadda aka umarta, ya karɓi lambar yabo. Shugaban ya mutu, abokan aikin duk sun mutu. Bututun yana nan, ƙarƙashin gonar Bronius ya bi, shi ne ma ya sa gonar ta bushe. Lambatu na huɗu kuwa ba ya ɗaukar komai sai ruwan layin arewa, gidaje shida, har da na Tekle.

Idan aka toshe na huɗu, ruwa zai shiga gidajen nan, fadamar kuma ta zauna a bushe, tanka ta bi ta kanta kamar titi. Idan aka toshe na gaskiya, gonarsa ce za ta tafi. Babu mai rai da ya san wannan sai shi. Ya sa hularsa ya fita.

Aikin cike lambatun ma shi aka ba, don babu wata katafila a duk yankin. Kwana tara yana cewa injin ya lalace. Rana ta goma Tekle ta same shi da safe a gindin tuffa, ta kawo masa baƙin burodi da kokwamba mai tsami a kwano.

"Kai tsohon banza, me ya samu injin naka? Ko tsufa ne ya kama ku tare?"

"Mai ke zuba."

"A bakinka mai ke zuba. Jiya na ji kukansa lafiya lau." Ta zauna a kan kututture tana haki. "Ka yi musu aikin su tafi. Yarinyar nan injiniya ta rantse min ko ɗigo ba zai shigo ɗakina na ƙarƙashin ƙasa ba. Na ma cika shi da dankali da kwalaben zuma. Ɗana na cewa in koma birni wajensa, na ce gawata ce za ta koma."

Ya dubi burodin, ya kasa kai shi baki. Tun suna makaranta Tekle ke tsokanarsa. Ita ta yi wa Genute wanka ranar da ta rasu.

Washegari Dovile ta zo bakin lambatu na huɗu da ƙarfe takwas, ta tarar da shi tsaye, buhu biyu na garin katako a ƙafarsa.

"Baba Bronius, ina injin?"

"Ɗauki buhu ɗaya, 'yata. Ki biyo ni."

Suka taka har tsakiyar fadamar, inda ruwan ke taruwa a wani rami mai murfin siminti. Ya juye buhunan a ciki. Suka dawo lambatu na huɗu suka zauna, tana duba agogo, shi yana kallon ruwa. Awa guda ta wuce, ruwan na tafiya fes, ko ƙwaya babu.

"Me muke jira ne, Baba?"

"Abin da taswirarki ta ce zai zo."

Sannan ya kai ta kudu, suka ratsa tsakanin bishiyoyin tuffa zuwa bakin rafi, ya ɗaga ciyawa da sanda. Ga bakin bututu mai faɗin tayar mota, garin katako na bulbulowa, ya rufe fuskar rafin kamar kumfa. Dovile ta tsuguna ta ɗebo da hannu. Da ta miƙe sai ta dubi bishiyoyin.

"Wannan gonar wa?"

"Tawa."

Ta koma gefe ta buga wa shugabanta waya. Bronius na jin muryar Dainius daga nesa, siririya, tana tashi tana sauka. An riga an sa hannu. An gayyaci baƙi daga ƙasashen waje zuwa bikin buɗe aikin nan da mako biyar. Canza taswira sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuma sai bayan hutu. Ta kashe wayar, kunnuwanta sun yi ja.

"Ya ce a bi abin da ke takarda."

"Shi da ya ce a dubi duniya yadda take?" Bronius ya tofar da yawu. "Ga ta nan yadda take, tana fitowa ta bututu. Ya zo ya duba mana, ko takalmin ne ba zai yarda ba?"

"Baba, ni ba ni da ikon ce maka ka toshe wannan."

"Wa ya tambaye ki? Gonata ce. Na huɗu kuwa, ki gaya masa hannuna ba zai taɓa shi ba. Sau ɗaya na tsaya aka yi ƙarya a kan ruwan nan, ya isa."

Da rana tsaka ya tayar da injin. Ya shigo da shi ta tsakanin kunyoyin dankali, ya tone bututun, ya fasa shi, ya danna yumɓu cikin cokalin injin sau goma sha biyu a wurin, ya bi ta kai da ƙafar katafila har ya daskare. Dovile na tsaye tana ɗaukar hoto, ta ce za ta rubuta rahoto ko da zai ci aikinta. Ta rubuta ɗin. Amsar da ta zo ita ce a bar lambatu na huɗu a buɗe tukuna, amma a kafa allon aikin a bakinsa, don can aka rubuta a takardar gayyata.

Ruwan bai yi gaggawa ba. Mako na farko ƙasa ta yi laushi. Na biyu ganyen dankali ya yi rawaya, shi da Tekle suka tone abin da suka samu, ƙanana kamar ƙwan tattabara. Ta ji labarin a bakin Dovile, kuma ba ta gode masa ba, zaginsa ta yi ta yi tana kuka tana cika kwando.

Ranar bikin motoci bakwai suka zo. Dainius ya yi jawabi a gaban allo, bayansa lambatu na huɗu na gudu abinsa, aka tafa. Wajen komawa direbansa ya ga titin ya cushe, ya ratse ta gefen gonar Bronius don ya juya. Motar ta nutse har ƙofa.

Dainius ya leƙo ta taga. "Dattijo! Taimaka mana da injin nan! Ai nan ba ya cikin wurin da ruwa zai kai!"

Bronius na durƙushe cikin caɓi, yana tone wata 'yar tuffa da shebur. Guda huɗu ne kawai ƙanana da za su jure a cire su, Tekle ta ba shi wuri a bayan gidanta. Sauran sha tara suna tsaye, ruwa ya kai musu gwiwa, 'ya'yansu na faɗowa ɗanyu.

"Ranka ya daɗe, ka jira," ya ce, bai ɗago ba. "Saura biyu."