Sharar da Baba yake ji

Likita na ɗora na'ura a wuyan Baba, sai ƙarar gudun jini ta cika ɗakin: shuu, shuu.

Baba ya damƙe hannuna. "Ita ce! Sharar da nake gaya muku."

Tun rasuwar Mama yake cewa in ya kishingiɗa da azahar a gidanmu na Nassarawa, yana jin tana shara. Mu ba ma jin komai.

"Jininka ne, Alhaji," in ji likita. "Gwaji ya nuna kitse da kumburi, jijiyar wuya ta tsuke. A fara magani kafin ɓarin jiki ya shanye."

A mota ya tambaye ni a hankali, "In na sha, za ta daina zuwa?"

Ku me za ku ce masa?