Baba Mu Tafi da Ɗakin Shebur

Duk unguwar ba wanda ke kiransa da wani suna sai Baba Mu Tafi, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekarun ƙarfinsa a bayan sitiyari ya ƙare su, yana tuƙa motar ma'aikatan wani kamfanin sabulu, kuma bai taɓa jiran ɗan Adam ba. Ko kana ɗaure takalmi, ko ka taho a guje da kofin shayi a hannu, in lokaci ya yi sai ya doki ƙofar mota ya ce, "Mu tafi." Mai ɗakinsa, Allah ya jiƙanta, takan ce mutumin nan ko gaisuwar surukai a tsaye yake yin ta, da makulli a hannu.

Ya yi ritaya bai daɗe ba ta rasu. Ɗansu na aiki a wani gari mai nisa, 'yarsu kuma tana gidan mijinta da yara sun cika mata hannu. Aka bar shi da gida ɗaki biyu da falo, da tsakar gida mai siminti, da famfo guda a jikin bango. Ɗakinta ya ja ya rufe. In zai wuce ta ƙofar sai ya kau da kai, kamar mai bin layin da yake da abokin faɗa.

Shigarsa ƙungiyar sa kai ta unguwa ma faɗa ne ya kai shi. Wata Asabar ya leƙo ya ga mutane da riguna ruwan ɗorawa suna yashe kwatar ƙofar gidansa, suna tara ƙazantar a daidai inda ruwan sama zai mayar da ita ciki. Ya fito ya wanke su tas. Shugabansu, wani hedimasta mai sanyin hali, ya saurare shi har ya gama, sannan ya miƙa masa shebur ya ce, "To Baba, nuna mana." Ya karɓa don ya kunyata su. Bai ajiye ba sai da rana ta take.

Ƙungiya ce ta masu ƙaramin ƙarfi. Akwai tela, akwai nas, akwai mai gyaran famfo da kowa ke ce wa Falamba, da 'yan kasuwa biyu da suka fi ƙwazo wajen ba da shawara. Asabar aikin hannu ne: yashe kwata, cike ramukan titi, lallaɓa rufin gidan gajiyayye kafin damina. Lahadi da yamma kuma ziyarar tsofaffi da marasa lafiya. Kayan aikinsu a ƙarƙashin benen makaranta suke kwana, kullum ana zare musu ɗaya. Ranar da baro na biyu ya yi ƙafa, Baba Mu Tafi ya ce cikin ɗaure fuska, "Ina da ɗaki ba kowa a ciki." 'Yarsa ta zo ta kwashe gadon uwarta da akwatuna, shebur da diga da manjagara suka shiga, da kujerun roba da ake ba da aro in an yi rasuwa ko haihuwa, an jera su har kusa da silin.

Daga nan Asabar ta zama tasa. Tun da sassafe ake buga ƙofa. Tsakar gidan nan da ko kaza ba ta ratsa shi sai ya cika da hayaniya, wannan na neman safar hannu, wancan na rantsuwar ba shi ya karya ƙotar diga ba. Shi kuwa ya cika babban fulas da shayi, yana zubawa yana mita.

"Kun mayar da ni maigadi ba albashi. Ku dubi laka har bakin falo. Wane mara tarbiyya ne ya dawo min da shebur ba wanki?"

Falamba ya ce, "Ni ne, Baba. Na bar maka ne don kada ka rasa abin faɗa."

In an dawo da rana a wanke kaya a famfo, a zazzauna kan bokitai ana musun ƙwallo, shi yana tsakiya yana korar su ba wanda ke tashi. Mitar nan ita ce hirarsa, da ita yake cewa ya ji daɗin zuwansu, don bai iya faɗarsa ta wata hanya ba. Da sun watse sai ya ɗauki tsumma ya bi shebur ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, a ɗakin da a da ko kallonsa ba ya iya yi.

Ziyarar Lahadi ma shi ya gyara mata zama. Da can in an shiga gidan mara lafiya sai a miƙe ƙafa, a yi ta surutu har mai jinya ya galabaita. Da ya karɓi tuƙin motar da wani ɗan kasuwa ke ba su aro, ya kafa doka: a gaisa, a ajiye ledar sabulu da sukari, a yi addu'a, a fito. Ba a cin komai, ba a shan komai, kada a ɗora wa mai gida nauyi. Dokar ta yi kyau, gaskiya, gidajen da ake zagawa suka ninka. Sababbin shiga har haddace ta suke yi.

Mutum ɗaya ne ke ɓata masa lissafi, wani tsohon masinja da ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya bayan gareji. Duk ranar da aka je, sai an kai bakin ƙofa zai ce, "Af, kafin ku tafi, ƙwan fitilar nan kamar yana rawa." Wani makon rediyo ce, wani makon sakatar taga. Falamba ne ke komawa ya duba, ya daɗe, Baba Mu Tafi na cikin mota yana danna ham. In ya fito Baba ya tambaye shi me ya lalace, sai ya ce, "An gyara." Baba Mu Tafi ya yi tsaki ya ce tsohon nan rigima ce kawai ke damunsa. Da masinjan ya rasu sun kai kujeru, sun dawo da su, aka ci gaba da zagaye ba gidansa.

Abin ya juya ne daga wata Asabar da santsi ya kwashe shi a bakin kwata, gwiwarsa ta bugu da siminti. Ba karaya, amma ya yi makonni yana ɗingishi, kuma hankalin kowa ya tashi. A taron wata da ake yi a ajin makaranta, hedimasta ya miƙe da fara'arsa ya ce yana da albishir biyu. An samu mai zuciyar alheri ya ba ƙungiya kwantena, za a girke ta kusa da makaranta, kaya sun samu sito. Na biyu kuma, an naɗa Baba uban ƙungiya: ba kuɗin wata, ba aikin ƙarfi, ba tuƙi, sai dai albarka.

"Shekara da shekaru kana faɗa mana mun dame ka, Baba, muna yi kamar ba mu ji ba. Wallahi mun ji. Ka yafe mana, yanzu ka huta."

Aka ɗauki tafi. Baba Mu Tafi na zaune kan bencin yara, gwiwa a miƙe. Magana ɗaya ce za ta tsayar da komai: ku bar kayan, ina son zuwanku. Ta zo har bakinsa. Amma mutumin da ya yi shekaru yana korar jama'a da wane baki zai roƙe su su zauna? Ya gyara hula ya ce, "To madalla. Na huta da laka." Aka yi dariya, har da shi.

Rana ɗaya suka kwashe komai, mutanen kirki, har suka share ɗakin suka wanke masa daɓe. Da ƙarar baro na ƙarshe ta ɓace a kwana, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Ga zanen da ƙotocin shebur suka bari a bango, ga ƙusar da madubin mai ɗakinsa ke rataye a da can sama. Sau biyu ke nan ana kwashe masa ɗakin nan. Ya ja ƙofar ya rufe.

Asabar ta farko jikinsa ya tashe shi da sassafe, ya cika babban fulas kafin ya tuna. Ya sha kofi ɗaya, sauran ya huce. Ta biyu ya saka rigarsa ruwan ɗorawa ya ɗingisa har wajen kwantena. Murna suka yi da ganinsa, ba ƙarya. Amma yana kai hannu kan shebur tela ya karɓe. "Haba Baba, muna raye?" Aka kafa masa kujera a inuwa. Aikin kwata kuwa tafiya yake yi, tun yana jin muryoyinsu har suka sha kwana, aka bar shi da kujera da wata akuya. Da ya gaji ya ɗauki kujerar ya kai bakin kwantena ya jingine, don ba shi da makulli. Bai sake zuwa ba, su kuma suka ce Alhamdulillahi Baba ya fara jin magana.

Kaɗaici ya shigo gidan ya zauna daram. Sai ya wuni bai yi magana da kowa ba in ba mai shagon da yake sayen burodi ba. Ya koma kunna rediyo ba don ya saurara ba. In 'yarsa ta bugo waya ta ce, "Baba, ya gidan? Mutanenka na zuwa dai ko?" sai ya ce, "Suna nan, sun ishe ni." Ita kuma hankalinta ya kwanta, ga yaro na kuka a bayanta, sai a yi sallama.

Wata Lahadi da yamma ya ji tsayuwar mota, ƙarar injin da ko a mafarki zai gane. Aka yi sallama. Hedimasta ne da nas da tela da Falamba, duk da rigunan ƙungiya. Daɗi ya kama shi har ya manta da gwiwa. Sai da suka shigo falo ya lura da ledar da ke hannun nas: sabulu da sukari. Ashe an saka gidansa cikin zagaye.

Kujeru biyu gare shi, shi da aka yi shekaru ana aron kujeru a gidansa. Hedimasta da nas suka zauna, sauran suka tsaya. Ya yi sauri ya ɗora buta a wuta.

"A'a Baba, kada ka wahalar da kanka," in ji hedimasta. "Ba a ci, ba a sha. Kai ka koya mana."

Aka tambayi gwiwa, ya ce da sauƙi. Aka ce ƙungiya na kewarsa, ya ce ƙarya suke yi, aka yi dariya. Nas ta ajiye leda, aka yi addu'a aka shafa. Ruwan ko ɗumi bai gama yi ba tela ya kaɗa makullin mota, ya kwaikwayi muryarsa ya ce, "Mu tafi." Suka kwashe da dariya, shi ma ya buɗe baki ya taya su. Komai sun yi shi daidai, ba inda zai ce sun kuskure.

Ya rako su tsakar gida. Hedimasta ya fita, nas ta fita, tela ya riga ya tayar da mota. Baba Mu Tafi na kallon bayan Falamba ya ga ƙofar za ta rufe, gidan ya koma yadda yake har wani zagayen. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Af, kafin ka tafi, famfon nan kamar yana yoyo."

Yana faɗa ya ji muryar wa ya ara. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, tsohon masinja ya faɗo masa a rai, da sakatar tagarsa, da ham ɗin da ya riƙa danna masa.

Falamba ya dawo ya tsuguna gaban famfon. Simintin ƙarƙashinsa a bushe yake ƙayau. Ya murɗa, ruwa ya zo, ya rufe, ko ɗigo. Ya ɗan jima a tsugune, ga kan sifana ya leƙo daga aljihun bayan wandonsa. A waje tela ya danna ham.

"Lallai kam," in ji Falamba, bai ɗago ba. "Wannan ba aikin tsaye ba ne, Baba. Kuma ban zo da kayan aiki ba. Sai dai Asabar in mun tashi daga kwata."

"In ba ka da lokaci ka bar shi."

"A bar shi ya ci maka bango? Ka dai haɗa shayi, ka san ba na aiki da yunwa." Ya miƙe yana goge hannu a riga. "Irin wannan famfon ma sai an yi ta dawowa ana dubawa."

Ham ya sake tashi, Falamba ya fita da sauri. Baba Mu Tafi ya koma ya sauke butar da ta gama tafasa ba mai sha.

Makon ya yi masa tsawo. Ya san Falamba na da iyali, ya san aikin kwata kan kai har la'asar, ya san alkawari irin wannan yakan bi ruwa ba da mugun nufi ba. Duk da haka ya wanke babban fulas ya kife. Ranar Juma'a da yamma ya buɗe tsohon akwatin kayan motarsa ya ɗauko sifana, ya durƙusa da ƙyar a gaban famfon ya sassauta shi kaɗan, don kada ya mayar da bawan Allah maƙaryaci in ya zo. Ya tara bokiti a ƙarƙashi, ya jawo kujera ɗaya ya zauna, ɗayar ya ajiye ta a gefensa, yana jin ruwan na ɗiga.