Tirelar Baba a Tsohuwar Kwamfutata

Tun ban san kaina ba Baba yake jan tirela, har ranar da shanyewar ɓarin jiki ta sauke shi. Hannun hagu ya tafi, ƙafar sai ja. Likita ya ce harshensa lafiya lau, amma Baba ya daina magana. Sai ya wuni a kujerar roba a zauren gidanmu na Tudun Wada, in ka gaishe shi ya ce "lafiya," shi ke nan. Mutumin da a da in ya dawo daga tafiya ya buɗe bakin labari, sai Inna ta roƙe shi ya bar mutane su ci abinci! Shirun nan yana ci mini rai, wani lokaci har haushinsa nake ji, Allah Ya yafe mini.

Ni sana'ata buga takardu. Ɗaliban jami'a na harabar Kongo ke kawo mini aikinsu, ina buga musu a ɗakin da ke jikin zaure, da wata tsohuwar kwamfuta mai akwati. Wata rana wata ɗaliba tana jiran aikinta, ta sa mini wasan tuƙin tirela a ciki, wai in riƙa rage gajiya. Ni ina ruwana da wasa? Amma tana kunnawa ƙarar inji ta cika ɗakin, sai ga Baba a bakin ƙofa, dafe da bango. Tun da ciwon ya same shi bai taɓa leƙo ɗakin nan ba.

Na zaunar da shi, na nuna masa maɓallai huɗu masu alamar kibiya, waɗanda hannun dama kaɗai ya ishe su. Sai dai kwamfutar ta ba mu kunya. Hoton yana tafiya yana tsayawa, in ya danna hagu sai motar ta gama shawara kafin ta juya. Ta faɗa kwalbati. Baba ya ja tsaki ya koma kujerarsa. Wallahi tsakin nan ya fi mini "lafiya" ɗari daɗi.

Ɗalibar ta ce katin hoto ne ya yi ƙarami, wato allon da ke zana abin da ake gani a fuskar kwamfuta. Washegari na je wurin wani ɗan Ibo da nake sayen tawada a shagonsa, mai jin Hausa kamar jakin Kano. Ya ɗauko mini wani katin hoto na hannu, mai fanka biyu, ya ce, "Hajiya, wace irin fawa ce a cikin akwatin naki?" Fawa ita ce 'yar akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta. Ina sauri, na ce, "Oga, fawa ce dai, tana kawo wuta. Ba ni abina in tafi." Ya ɗaga kafaɗa ya naɗe mini.

Da kaina na kwance akwatin, na goge ƙura, na cusa katin da ƙyar na ɗaure. Da na kunna, kai! Har ɗigon ruwan sama ana gani a gilashin motar. Baba ya zauna, ya yi bisimilla, ya karanta addu'ar hawa abin hawa a hankali, ya ja mota. Tafiya sumul. Yana shiga gari, motoci sun yi yawa, sai kwamfutar ta mutu ɗif. Na sake kunnawa. Muka kai wata gada, ɗif. Sau uku.

Raina ya ɓaci. Na zare katin ina faɗa, cewa nake mai shagon nan ya raina ni, ya haɗa ni da ruɓaɓɓen kaya don ya ga mace ce, yau sai layinsu duka ya ji mu. Ina neman mayafina sai na ji an ce, "Ke, dakata."

Baba ne. Ya ce, "Kin lura ba ta mutuwa a fili? Sai an shiga gari, sai aiki ya yi mata nauyi. Injin nan lafiyarsa lau, mai ne ba ya kai masa. Kin ɗora injin tirela a jikin a-kori-kura, kin bar masa tsohon famfon mai. Ki je ki ba bawan Allah haƙuri tun ba ki zage shi ba."

Na tsaya riƙe da mayafi. Rabon da in ji jimla biyu a jere daga bakinsa har na manta.

Na koma shagon a sanyaye. Da na faɗa wa mai shagon abin da Baba ya ce, ya yi dariya har da buga tebur, ya ce, "Ai shi na tambaye ki, Hajiya. Baba injiniya ne." Ya ba ni babbar fawa, ya nuna mini wayar da ake soka wa katin.

Wannan karon motar ta ratsa gari, ta haye gada, ba ta ko yi tari ba. Baba bai taɓa wuce ƙa'ida ba, ko wasa ne sai ya ba da sigina. Da aka kira azahar ya gangara gefen titi, ya daidaita ta, ya kashe inji, ya waiwayo ya ce mini, "Sa weji." Weji shi ne katakon da ake tokare taya da shi in babbar mota ta tsaya. Na ɗauki sitefila, abin maƙale takardu, na tokare gindin akwatin kwamfutar. Ya yi dariya da rabin bakinsa, ni kuwa hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba.

Bayan salla ya ƙwala wa Inna kira, ya fara ba ta labarin wata gada irin waccan da ya taɓa hayewa da lodin doya, birki na yi masa gardama. Shinkafa ta huce a kwano. Inna tana tsaye da ludayi a hannu, ba ta ce masa ya bar mutane su ci abinci ba.