Tarwadar Mangu Ta Iso Zungur da Yunwa

Wannan ga matan ƙungiyarmu ne, har da waɗanda suka ce tsohuwa ba za ta iya ba. Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Kun san abin da ya fitar da ni. Bandar kifi ta yi wuya a kasuwar Muda Lawal, nama kuwa sai kallo, miyar yaranmu ta koma ruwa da gishiri. Muka gina kwamin kiwon kifi a Zungur. Sau biyu muna sayen 'ya'yan tarwada a hannun masu yawo da su, sau biyu suna ƙin girma. Mazanku suka ce in wannan zubin ya lalace, a fasa kwamin a shuka albasa. Shi ne na ce da ƙafata zan je inda ake ƙyanƙyasarsu.

Bauchi zuwa Jos

Na fito ana kiran assalatu da manyan jarkoki huɗu, duk an yanke musu baki. Yaron mota ya ce, "Goggo, fetur za ki saro?" Na ce, "Kai dai ɗaure su, kada ka zauna a kai." Muka wuce Nabordo, muka wuce Tilden Fulani, da hantsi muna Jos. Sanyin garin ya sa na ninka mayafi. Koko da ƙosai na karya da shi a tasha, na canja mota.

Mangu

Kafin azahar na isa gonar kifin wata mata, Madam Saratu. Ban yarda ta ɗebo mini ba sai da ta nuna mini iyayen. Na sa hannu na kaɗa ruwa. Waɗanda suka tsere da ƙarfi su na nuna. Ta yi dariya ta ce, "Mama, ke kam ba a yi miki wayo. Kogi ya gaji, Mama. Kifin da ke miyar mutane yanzu, da yawa noma shi aka yi kamar masara."

Sai ta kafa mini doka: daga yau babu abinci gare su, sai washegarin isarmu gida. Na ce, "'Yar nan, a gidanmu ko kaza ba ta kama hanya da yunwa." Ta ce, "In sun ci za su yi kashi a jarka, ruwan ya ɓaci, ya kashe su. Yunwar ce guzirinsu." Na riƙe wannan. A ɗakinta na kwana, ta ba ni tuwon acca, ta shimfiɗa mini tabarmar salla ba tare da na roƙa ba. Allah ya saka mata.

Komowa

Da asuba muka zuba su, ta ɗiga manja kaɗan a kowace jarka don kada ruwan ya yi kumfa. A Jos na hana a sa su a but ɗin mota, na zauna kujerar baya suna gabana, hannuna a kansu. Kusa da ni wani dattijon malami ne mai leda cike da ƙuli-ƙuli. Ya ce, "Bismilla, baiwar Allah." Na ce na gode. Ban ci ba, don ban so ko ɓarɓashi ya faɗa.

A wani shinge bayan Toro soja ya leƙo ya ce mai jarkoki ta sauko. Na sauke ɗaya ya duba. "Mama, waɗannan ƙananan? Yaushe za mu ci?" Na ce, "Ka sake mu da wuri, sai su kai lokacin." Ya yi dariya ya ɗaga hannu.

Ina komowa mota na ga garin ƙuli na yawo a kan ruwan jarka ɗaya. Na ce, "Wane ne?"

Malam ya ce, "Ni ne, Hajiya. Na ga suna ta buɗe baki sama, tausayi ya kama ni. Sadaka ce."

Na ce, "Malam, sadakarka za ta yi kisan kai. Abincin gidaje ne a jarkar nan!"

Ba mu yi nisa ba ruwan ya yi fari, ya fara wari, wasu suka juya ciki sama. Na ce direba ya tsaya a rafin farko. Ya ce, "Goggo, motar haya ce fa, ba taki ba." Na ce, "To ka ci gaba. Amma duk tashar Bauchi za ta ji sunanka daga bakina." Fasinjoji suka hau guna-guni. Malam ne ya daka tsawa: "Tsaya, yaro! Ni na ɓata, ni zan gyara."

Ya tuɓe babbar riga, ya naɗe wando, ya gangara rafi da bokitin direba. Na rufe bakin jarkar da mayafina ina tsiyaye gurɓataccen ruwa, shi yana kawo sabo, muna zubawa kaɗan-kaɗan. Waɗanda suka mutu sun cika tafin hannuna biyu. Sauran suka farfaɗo. Ya ce in yafe masa. Na ce, "Na yafe. Amma ledar nan ka sa ta a aljihu."

Zungur

La'asar sakaliya na iso. Na tarar da ku a bakin kwami, kowace da kwanon abincin kifi, kamar masu tarbar baƙi. Da muka juye su a ciki, kun ga na tare bakin kwamin na ce ba yau ba, wasunku har suka ce mugunta ce. Yanzu kun ji dalili.

Washegari da hantsi na watsa musu da hannuna. Ruwan ya ɗauki motsi kamar tukunya na tafasa. Sai a lokacin na tuna rabona da abinci tun tuwon acca. Na zauna a bakin kwamin da kokona, muka karya tare.

Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Madam Saratu, da malamin da ban tambayi sunansa ba. Masu albasa kuma su nemi wani fili.