Kunun da Tasi'u Ya Karɓa da Hagu

Wata rana da hantsi aka shigo da Tasi'u gida a rirriƙe, gefen fuskarsa na hagu ya kumbura suntum.

Injin niƙa yake da shi a bakin kasuwa, irin tsohon nan da ake tayarwa da hannu. Yana cikin juya ƙarfen tayar da injin, ya ƙwace masa, ya dawo ya make shi a ƙasan ido.

Waɗanda suka kawo shi suka ce ya ɗan suma, amma ana yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Har barkwanci ya yi musu a hanya, wai injin ya gaji da ganin fuskarsa ne.

Matarsa Barira ba ta daɗe da tarewa ba. Irin matan nan ce da ko dariya sai sun rufe baki. Tunda aka kawo ta gidan, in ban da gaisuwa ba abin da ya taɓa haɗa ta da Baba, mahaifin mijinta. Da ta ji gyaran muryarsa a zaure, ɗaki take faɗawa.

Baba ya aika aka kira Malam Ɗantsoho mai ɗori.

Aka shimfiɗa wa Tasi'u tabarma a rumfar tsakar gida. Malam ya shafa, ya latsa a hankali, ya ce ƙashin kunci ne ya karye, in kumburi ya saɓe za a san yadda za a yi.

Kowa ya yi hamdala. Tunda ido bai fashe ba, ai da sauƙi.

Barira tana bayan labule tana leƙe.

Ta ji Tasi'u ya tambaya ko an rufe shago. Aka ce an rufe. Jim kaɗan ya sake tambaya. Aka yi dariya, aka ce son aiki zai kashe shi.

Ya yi amai, aka ce jinin da ya haɗiye ne.

Ya fara gyangyaɗi ana masa magana, aka ce a bar shi, barci ma magani ne.

Sai Inna, mahaifiyarsa, ta kawo masa kunu. Ya miƙa hannun hagu ya karɓa.

Inna ta ce, "Kai yaron nan, ciwon ne ya sa ka manta da ladabi?"

Aka sake dariya.

Barira kuwa ba ta yi dariya ba. Mutumin da ko tsintsiya ba ya karɓa da hagu, shi ne yau zai karɓi abu a hannun mahaifiyarsa haka? Ta dubi hannunsa na dama. Yana yashe a kan tabarma kamar ba nasa ba.

Ta buɗe baki, ta rufe. Ga Baba, ga baƙo, ga maƙwabta. Me za a ce da ita?

Ta ga kofin ya karkace, kunu yana zuba a rigarsa, shi bai ma sani ba.

Ta ja mayafi, ta fito ta durƙusa.

"Baba..."



Baba ya waiga. "Ikon Allah. Amarya, ke ce da magana?"

"Baba, ku yi haƙuri. Ba rashin ladabi ya yi ba. Ku ce ya ɗaga damansa."

Baba ya kira sunan Tasi'u, ya ce ya ɗaga. Hannun ya ɗan motsa, ya koma.

Malam Ɗantsoho ya miƙe yana naɗe jakarsa. Ya ce, "Alhaji, ni ƙashi nake ɗorawa. Abin da ke cikin kai ba nawa ba ne. A nemo mota yanzu."

A asibitin gari aka ce a wuce da shi babban asibiti. Can aka ɗauki hoton kansa, aka ga jini ya taru a cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Ba a tsaya wata-wata ba aka shiga da shi tiyata.

Da likita ya fito, ya ce da Baba ƙashin fuska da na kai ai haɗe suke. Dukan da ya iya karya kunci, ba lallai ya tsaya a kuncin ba. Mutum yana iya tashi ya yi hira har da dariya, alhali jini yana taruwa a ciki. Da an bar shi ya yi wannan barcin, Allah kaɗai ya san yadda za ta kasance.

Tasi'u ya daɗe yana jinya. Har yau kuncinsa a ɗan lotse yake, hayaniya kuma takan sa masa ciwon kai.

Amma ranar da aka sallamo shi, Inna ta dama kunu. Ta tsaya a kansa da kofin.

Ya miƙa dama ya karɓa.

Inna ta juya ta share ido da bakin zane. Baba kuwa ya dubi labulen ɗakin Barira, ya ce, "Ashe gidan nan muna da mai baki ba mu sani ba. Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Daga ciki aka ce amin, can ƙasa-ƙasa.

Darasi:

In mutum ya bugu a fuska har ƙashi ya karye, kada kumburin da ido ke gani ya ɗauke muku hankali. Ko ya tashi yana dariya, a kai shi asibiti a duba kansa. In kuwa ya suma, ko yana amai, ko yana maimaita magana, ko barci yana fizgarsa, ko wani hannu ya mutu, to gudu ake yi, ba a jira.

'Yan'uwana masu kunya irina, kunya ado ce. Amma in rai na neman fita, ki buɗe baki. Surukai ba za su ce kin yi fitsara ba.

Ku tura wa matan gidanku da duk mai fita neman abinci kusa da inji ko kan babur. Ba ku san gidan da zai amfana ba.